Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Wakilan Hukumar Kula Da Halittun Tekun Antatika

Zuwa ga wakilan ƙasashe 26 da Tarayyar Turai, masu zama a Hobat ta tsibirin Tasmaniya ƙarƙashin hukumar CCAMLR.

Masu girma wakilai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto muku ne a kan kiril, ɗan ƙaramin dangin jatan landen nan da tsawonsa bai wuce santimita 6 ba, wanda tsoron kada a ƙarar da shi ne ya sa aka kafa hukumarku a 1982. A watan Oktoban 2024 kun tashi daga taro ba ku sabunta doka mai lamba 51-07 ba, dokar da ke hana jiragen kamu tattaruwa a wuri guda. Da shekara ta zagayo, jiragen suka cike tan 620,000 da aka yarje musu tun farkon watan Agusta, dole aka rufe kamun saura watanni kakar ta ƙare, abin da bai taɓa faruwa ba. Zaman Oktoban 2025 shi ma ya watse ba a mayar da dokar ba. Duk wannan kuwa ya zo ne a daidai shekarun da ƙanƙarar da ke rufe tekun ta ja baya fiye da yadda aka taɓa gani tun da taurarin ɗan Adam suka fara auna ta a ƙarshen shekarun 1970.

Kun fi ni sanin alƙaluman, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in kawo su domin masu karatu. A watan Fabrairun 2023, ƙarshen lokacin zafi a can, ƙanƙarar teku ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta a tarihin awon. Abin da ya fi tayar wa masana hankali shi ne hunturun da ya biyo baya. A watan Satumba, lokacin da ƙanƙarar ke kai iyakar faɗinta, ta tsaya a kan miliyan 16.96, wato ta gaza mafi ƙarancin da aka taɓa gani da kimanin murabba'in kilomita miliyan ɗaya. Wannan giɓin kaɗai ya fi faɗin Najeriya. A 2014 ƙanƙarar nan ta haura miliyan 20, har wasu na kafa hujja da ita cewa ɗumamar duniya ba ta taɓa kudu ba. Daga 2016 ta juya, kuma ba ta koma yadda take ba. A yammacin Zirin Antatika kuwa, wato tsinin nahiyar da ya miƙe ya nufi Amurka ta Kudu, inda mafi yawan rigimar kamun take, raguwar ta daɗe da farawa: tsakanin 1979 da 2010 lokacin da teku ke zama a rufe ya gajarta da kimanin wata uku. A bakin zirin ne tashar Esperanza ta Ajantina ta auna zafin digiri 18.3 ranar 6 ga Fabrairun 2020.

Wanda ya kalli ƙanƙarar teku daga sama zai ɗauka farin fili ne da babu komai a cikinsa. Rayuwar tana ƙasa. Idan ruwan gishiri ya daskare, yakan tura gishirin waje, ya bar 'yan siraran hanyoyi cike da ruwa mai tsananin gishiri a cikin ƙanƙarar, kuma a cikin hanyoyin nan gansakukar teku ke zama. Ma'aikatan jiragen fasa ƙanƙara sun san wannan da idonsu: in jirgi ya kife wani gutsure, sai a ga ƙasansa ruwan ƙasa-ƙasa, ya rine da gansakuka. Wannan rinin shi ne abincin 'ya'yan kiril a hunturunsu na farko.

Tafiyar ɗan kiril kafin ya kai ga wannan abinci doguwa ce. Uwar takan saki dubban ƙwai kusa da saman ruwa a tsakiyar lokacin zafi, wajen Janairu zuwa Maris. Ƙwan ya yi ta nutsewa kwanaki, ɗaruruwan mita, wani lokaci har kusan mita dubu, can cikin duhu ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito ba shi da baki tukuna. Da guzurin da ya samu a cikin ƙwai zai yi iyo ya hau sama, yana sauya kama a hanya, kuma in ya iso bai tarar da abinci ba cikin 'yan kwanaki, shi ke nan. Wanda ya tsira daga nan sai hunturu ya riske shi, rana ta ɓace, gansakukar da ke yawo a ruwa ta ƙare. Babban kiril yana da dabarar jure wannan. Yakan rage aikin jikinsa, har ya saɓule ɓawo ya koma ƙarami, kuma an ga wanda ya haura kwana 200 ba ci a ɗakin gwaji. Ɗan shekarar farko ba shi da kitsen da zai yi haka. Dole ya ci, dole kuma ya ɓuya, shi ya sa yake manne wa ƙasan ƙanƙara, yana kankare gansakuka da ƙafafunsa, yana shiga lungunan da gutsattsarin ƙanƙara suka yi in sun hau kan juna, inda kifi da tsuntsu ba sa iya kai masa.

Akwai abin da alƙaluman faɗi ba sa nunawa, kuma ina ganin ya fi su muhimmanci, wato lokacin da ƙanƙarar ta kama. Wadda ta daskare da wuri, tun akwai sauran hasken rana da sauran gansakuka a ruwa, takan kulle abinci mai yawa a cikinta, ya ci gaba da girma kafin duhu ya rufe. Wadda ta makara har duhu ya shigo, fanko ce. Ana iya ganinta fara tas a hoton tauraron ɗan Adam, a lissafa ta cikin murabba'in kilomita, alhali ɗan kiril da ke ƙarƙashinta yunwa yake ji. To a yammacin zirin, ƙanƙarar makara take yi wajen zuwa, kuma da wuri take tafiya.

Ga kuma wani abu. Kiril ba kowace shekara yake samun 'ya'ya masu yawa da suka rayu ba. Masu binciken da ke aiki daga tashar Palmer ta Amurka tun 1990 sun ga cewa shekarar albarka takan zo ne sau ɗaya a cikin huɗu zuwa shida, yawanci bayan hunturu mai ƙanƙara sosai, kuma 'ya'yan wannan shekara ɗaya su ke riƙe garken har wata ta zo. Shi kuwa kiril shekara biyar zuwa shida yake yi a duniya. Ku auna lissafin da kanku. In shekarar albarka ta makara da shekara biyu ko uku, iyayen da za su haifi na gaba sun tsufa sun mutu. Ba sai an kama ko ɗaya ba garken zai iya faɗuwa, balle a ce a cikin waɗannan shekarun jira ne taru ya fi ƙarfi a kansa.

Wurin da kiril ya bari ba ya zama haka nan. Akwai wata halitta da ake kira salfa, mai jiki garai-garai kamar ƙaramar ganga, kusan duk ruwa ce, tana tsotse ruwa ta gaba ta fitar ta baya, tana tace abin da ke ciki. Ba ta buƙatar ƙanƙara. Takan tsiro 'ya'ya daga jikinta a jere, sarƙa guda, ta cika wuri cikin makonni kaɗan in ruwa ya ɗan yi ɗumi. Tun 1997 Valerie Loeb da abokan aikinta suka nuna, daga awon da suka yi kusa da tsibirin Elefant, cewa shekarun ƙanƙara mai yawa na kiril ne, shekarun ƙarancinta kuma na salfa ne. Har abincin ma yana sauyawa ya koma gefenta: inda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya yi yawa, manyan ƙwayoyin gansakuka da kiril ke iya tacewa sukan ragu, ƙanana ƙwarai su maye gurbinsu, waɗanda ke zillewa ta tsakanin ƙafafun kiril amma salfa ke kwashewa ba wahala. Salfa halittar Allah ce, tana da nata amfanin, wasu kifaye da tsuntsaye na cin ta. Sai dai ba ta da maiƙon da zai raini ɗan fengwin, tsuntsun teku da ba ya tashi sama, balle ta ƙosar da wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa.

A 2004 Angus Atkinson da abokansa suka haɗa bayanan taru na shekaru masu yawa, suka ce kiril ya ragu ƙwarai a kudu maso yammacin Atlantika tun shekarun 1970, salfa kuma ta ƙaru a kudancin yankin. A 2019 suka dawo da bayanan da suka faro tun shekarun 1920, suka nuna cewa tsakiyar garken ta matsa kudu da kimanin kilomita 440, tana bin sanyi, tana takurewa a gefen nahiyar. Na san a ɗakin taronku akwai masu amsa wannan, kuma amsarsu ba ta banza ba ce. Wasu masana daga Ostareliya sun sake duba bayanan a 2018 suka ce ba su ga raguwa mai ɗorewa ba. Babban awon da aka yi da na'urar amsa-kuwwa a 2000 ya ba da kimanin tan miliyan 60 a yanki na 48, wato ɓangaren tekun da ke kudu da Atlantika inda ake kamun, na 2019 kuma ya ba da kimanin miliyan 62. Na yarda masana ba su gama daidaitawa ba. Amma ku lura da shekarun: awon ƙarshe mai faɗi an yi shi ne shekara huɗu kafin faɗuwar ƙanƙara ta 2023. Kuma awo biyu da ke da tazarar shekara 19 a tsakaninsu ba za su iya faɗa muku abin da halittar da ke hawa da sauka duk shekara biyar take ciki ba. Saɓanin masana dalili ne na a taka a hankali. Ban ga yadda za a mayar da shi izinin ƙara taru ba.

Waɗanda ke rayuwa da kiril kuwa sun riga sun fara ba da shaida. Kashin fengwin mai cin kiril ja-ja ne, har daga sararin samaniya ana gane mazauninsu da wannan launi a kan duwatsu. A tsibirin Elefant, masu ƙidayar da suka je a 2020 sun tarar fengwin mai zare a haɓa ya ragu da fiye da rabi in aka kwatanta da ƙidayar 1971. A tsibiran Shetlan ta Kudu, binciken shekaru kusan talatin da aka wallafa a 2011 ya nuna irin wannan raguwa ga shi da fengwin Adeli, ya kuma danganta ta da ƙarancin kiril. Akwai wani sil, dabbar ruwa mai shayarwa da ke hutawa a kan ƙanƙara, da haƙoransa ke da tsaga-tsaga, in ya rufe baki sai su zama rariya, ruwa ya fita kiril ya tsaya. Halittarsa gaba ɗaya a kan abinci ɗaya aka gina ta. Matan wel mai doro da ke kiwo a zirin ma an gano sun fi ɗaukar ciki a shekarar da ta biyo bayan wadatar kiril.

Hujjar da masu kamu suka fi riƙewa ita ce, tan 620,000 bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke yankin ba. Lissafin daidai ne, amma bai amsa tambayar ba. In makiyayi ya zo ya ce an yanke ciyawar da ke kewaye da rugarsa, ba a ce masa ai daji cike yake da ciyawa. Manyan shanu za su iya tafiya nesa, maruƙa ba za su iya ba. Fengwin da ke da ɗa a sheƙa ɗaure yake da gaɓar teku: ya fita, ya cika ciki, ya dawo kafin ɗan ya galabaita, kuma iyakar tafiyarsa 'yan gomman kilomita ne. Jiragen kuwa ba a tsakiyar teku suke watsuwa ba. Inda kiril ya fi cunkushewa suke nema, a mashigin Biransfil da kewayen tsibiran Okni ta Kudu, wato daidai inda fengwin da sil da wel suke nema. Kuma jiragen yau ba irin na da ba ne. Wasunsu ba sa ma ɗago taru; yana can cikin ruwa, wani ƙaton tiyo na zuƙo kiril daga gindinsa zuwa cikin jirgi dare da rana, ana sarrafa shi nan take. Da, ƙanƙara ce ke korarsu in hunturu ya kawo kai. Yanzu da take makara, sai suka samu ƙarin makonni a wuraren da a baya ba sa shiguwa. Raguwar da ke hana ɗan kiril abinci ita ce kuma ke buɗe wa jirgi hanya zuwa wurin iyayensa.

Hana wannan tattaruwar shi ne aikin da doka ta 51-07 ta yi daga 2009 zuwa 2024. Ta ce kada a ɗebi fiye da kashi 25 cikin ɗari na adadin, wato tan 155,000, a yankin zirin, ta kuma sa wa sauran yankunan tasu iyakar. Sau da yawa an rufe yankin zirin tun kaka ba ta ƙare ba saboda an kai wannan iyaka, jiragen suka matsa gaba. Dokar ba cikakkiya ba ce, masananku sun daɗe suna cewa yankunan sun yi faɗi, a ƙara yanka su. Maimakon a gyara ta, sai aka bar ta ta mutu, kuma a kakar farko bayan mutuwarta abin da aka ɗiba a zirin ya zarce tsohuwar iyakar nesa ba kusa ba. Gaskiya ne kamfanonin sun ɗaukar wa kansu alkawarin nisantar wasu mazaunan fengwin a lokacin raino, tun wajen 2019, kuma na yaba musu. Amma alkawarin da mutum ya ɗaukar wa kansa, shi ke da ikon warware shi ran da kasuwa ta matsa.

Shi kansa adadin 620,000 ɗin, ya kamata masu karatu su san asalinsa. A 1991 aka tsayar da shi, ta hanyar tara mafi yawan abin da aka taɓa kamawa a kowane yanki a shekarun baya. Ba daga buƙatar fengwin aka ciro shi ba, ba kuma daga yanayin ƙanƙara ba. An sa shi ne a matsayin birki na wucin gadi, har zuwa ranar da za a amince da tsarin rarraba kamu a ƙananan yankuna. Fiye da shekara talatin ke nan ranar ba ta zo ba. Tekun 1991 kuwa ba shi ne na yau ba.

Tarihin wannan teku ya isa ya sa ku yi taka-tsantsan ko da babu maganar ƙanƙara. Bayan Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya ba da labarin tsibirin Jojiya ta Kudu a 1775, mafarauta suka bi sil mai gashi har suka kusa shafe shi. A 1904 aka buɗe tashar fiɗar wel a Grytviken da ke wannan tsibirin, kuma kafin shekarun 1970 shuɗin wel na Antatika, dabbar da babu wadda ta kai ta girma a doron ƙasa, ya sauko daga sama da 200,000 zuwa 'yan ɗaruruwa. Sai aka koma kan kifi. A kakar 1969 zuwa 1970 jiragen Tarayyar Sobiyat suka kwashe kimanin tan 400,000 na wani kifin duwatsu a kewayen Jojiya ta Kudu, kaka ta biyu kimanin tan 100,000, daga nan babu sauran abin kamawa. Hukumarku ta hana kamunsa a 1985, kuma sai da aka shafe gomman shekaru kafin a fara ganin alamar dawowarsa. Kowane karo daga saman jerin ake farawa a sauko ƙasa, kuma kowane karo akwai mai cewa abin yana da yawa, ba zai ƙare ba. Yanzu an iso gindin, wanda sauran duka ke tsaye a kansa. Waɗanda suka rubuta yarjejeniyarku a Kanbera a 1980 sun ga wannan da idonsu, shi ya sa sashe na biyu bai tsaya kan abin da ake kamawa kaɗai ba. Ya wajabta muku kiyaye dabbobin da suka dogara da shi, da hana duk wani sauyi da ba zai gyaru ba cikin shekara ashirin zuwa talatin, ya kuma ambaci sauyin muhalli a cikin abin da za ku yi la'akari da shi. Wannan alkawari ku kuka sa masa hannu, ba wani ya ɗora muku ba.

Kuma me ake yi da kiril ɗin? Da abincin mayunwata ne, da maganar ta yi nauyi ta wani gefen. Mafi yawansa niƙa shi ake yi a zuba cikin abincin kifin da ake kiwo a keji, irin su salmon, saura a matse mai a ɗura a ƙwayoyin ƙarin lafiya, wani kuma ya tafi abincin karnuka da kyanwoyi. Mu a Afirka ta Yamma mun san wannan ciniki. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya masana'antu na niƙa ƙananan kifayen da talaka ke ci, a fitar da garin waje don kiwon kifin da talakan ba zai taɓa saya ba. Bambancin kawai shi ne a Antatika babu matan da ke shanya kifi da za su fito su yi kuka.

Ba na jin abin da nake roƙo ya fi ƙarfinku, domin da yawa daga cikinku sun taɓa yin irinsa a ɗaya ƙarshen duniya. A Tekun Aktik, mai ƙanƙara a ƙarshen arewacin duniya, ma labarin ƙananan halittun ruwa ya yi kama da wannan. Akwai wata 'yar halitta mai suna Calanus glacialis, tsawonta milimita kaɗan, cike da mai. Uwar na cin gansakukar ƙanƙara ta yi ƙwai, 'ya'yan kuma su taso daidai lokacin da gansakukar buɗaɗɗen ruwa ta yi yawa bayan narkewa. In ƙanƙara ta fashe da wuri, lokutan biyu sukan saɓa, kuma wata 'yar'uwarta ta ruwan Atlantika, ƙarama marar mai sosai, tana ta matsowa arewa. Da aka ga tsakiyar tekun na buɗewa, sai ɓangarori goma, ciki har da Sin da Rasha da Norwe da Koriya ta Kudu da Amurka da Tarayyar Turai, suka sa hannu a Ilulissat ta Girinlan a 2018 cewa ba za a yi kamun kasuwanci a can ba har shekara 16, sai an fahimci abin da ke faruwa. Yarjejeniyar ta fara aiki a 2021. A kudu ma kun taɓa haɗa baki: kun keɓe ruwan da ke kudu da tsibiran Okni ta Kudu a matsayin wurin kariya a 2009, kun keɓe Tekun Ros a 2016. Tun daga nan ba a ƙara ko ɗaya ba. Shawarar keɓe yankin zirin da Ajantina da Cili suka kawo tun 2018 na nan ajiye, tare da ta Tekun Wedel da ta gabashin Antatika, kuma kowa ya san Sin da Rasha ne suka fi tsayawa a kan ƙin amincewa. Tsarinku na cewa sai kowa ya yarda an yi shi ne don kada a danne kowa. A 2024 ya juye ya zama hanyar da ƙin yarda kaɗai ke iya kashe kariyar da ake da ita, ba tare da kowa ya kawo hujjar cewa ba a buƙatarta ba.

Babu wanda ke zaune a Hobat da zai iya mayar da ƙanƙara. Wannan aikin wasu tarurrukan ne, kuma ko an daina fitar da hayaƙi gobe, zafin da teku ya riga ya haɗiye zai daɗe. Abin da ke hannunku shi ne taru: nawa, a ina, a wane wata. Don haka ina roƙonku, a zamanku na gaba, ku fara da mayar da rarraba kamun, ko da a tsohon tsarinsa ne, kuma ku rubuta shi yadda ba zai mutu da kansa ba sai in an amince da wanda ya fi shi. An kawo shawarar kusan ninka adadin, ba ta wuce ba, kuma ina roƙon kada ta wuce har sai an keɓe yankin zirin an kuma yanka yankunan kamu ƙanana. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sannan ku ɗaure adadin da yanayin ƙanƙara. Hotunan tauraron ɗan Adam na zuwa kullum, kuma tun kafin kaka ta buɗe a watan Disamba an riga an san irin hunturun da aka yi. In ƙanƙara ta makara ko ta gaza, a rage kamun a yankin da abin ya shafa, ba sai an jira shekara uku fengwin ya nuna a ƙidaya ba. Kuɗin awon kiril duk shekara kuwa, masu cin ribarsa su ɗauki kaso mai tsoka, sakamakon kuma a buɗe shi ga kowa.

Magana ta ƙarshe ga wakilan Afirka ta Kudu da Namibiya, ku biyu kaɗai ne daga nahiyarmu a wannan ɗaki. Duk shekara, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, wel masu doro na zuwa Mashigin Gini su haihu, daga gaɓar Gabon har zuwa ruwan Najeriya da Benin da Togo da Gana. Kusan ba sa cin komai a nan. Nonon da uwar ke ba ɗanta a ruwanmu, kitsen kiril ne da ta tara a kudu, kuma ta gabanku take wucewa zuwa da komowa. Ba a zirin waɗannan ke kiwo ba, sun fi zuwa can gabas, kudu da Afirka, amma dokar da aka bari ta lalace a yanki ɗaya ita ce za ta zama abin koyi ran da jiragen suka juyo gabas. Ba ku cikin manyan masu kamun kiril, don haka ba wanda zai ce kuna kare kasuwarku ne in kun yi magana. Ina roƙonku ku zama masu gabatar da buƙatar mayar da dokar rarraba kamu a ranar farko ta zaman, ku kuma nemi a rubuta sunan duk ƙasar da ta ƙi, da dalilinta, a cikin rahoton da ake wallafawa.

Na gode da lokacinku. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai bibiyar aikinku daga Afirka ta Yamma